Ɗigon da Ya Ɓace Daga Taswira

Wata Asabar cikin watan Yuli, ana tsuga ruwa irin na Jos mai tafe da sanyi, mahaifiyarmu ta sa aka kira ni ɗakinta a gidanmu na Anguwar Rogo, ta miƙo mini wayarta ba ta ce uffan ba. A fuskar wayar taswirar wani yanki ce na kudancin Jamus, cike da 'yan ɗige-ɗige masu tafiya a hankali, kowanne da haruffa a gefensa. Wanda take nema ne kawai babu. Autanmu, wanda ya je karatun injiniya can ya kuma samu aiki bayan ya gama, ya shiga ƙungiyar masu tuƙa jirgin shawagi, wato jirgin nan mai dogayen fukafukai da ba shi da inji, kuma shi da kansa ya koya wa Hajiya yadda za ta riƙa ganinsa a taswira duk ranar da ya tashi. Da safe ya gaya mata zai tashi, amma har aka yi la'asar ɗigonsa bai fito ba, wayarsa kuma tana shiga ba a ɗauka.

Sai gab da magariba ya kira, lafiyarsa ƙalau, har da dariyarsa. Ashe shi da abokansa uku da suka haɗa kuɗi suka sayi wani tsohon jirgi sun yanke shawarar kunna wani saiti a na'urar jirgin da ke hana tashoshin ƙasa, wato masu kama saƙon jirage daga ƙasa su sa a taswira, bin sawunsu. "Yaya, ai ba ɓata na yi ba," in ji shi. "Ba na so duk wanda ya ga dama ya san inda nake kowace Asabar." Hajiya, wadda ke jin mu don na buɗe muryar wayar, ta ce, "To, ni ma ina cikin duk wanda ya ga damar ke nan?" Bai samu amsa ba, ni ma a lokacin ban samu ba.

Tun daga ranar nake juya maganar a raina, kuma ga inda na tsaya. Matuƙin jirgin shawagi yana da cikakken haƙƙin ɓoye sunansa da lambar jirginsa daga idon 'yan kallo, kuma duk wanda ya ɗauki hakan a matsayin alamar rashin gaskiya bai yi masa adalci ba. Amma ba shi da hujjar share kansa ƙaf daga kunnen tashoshin ƙasa, domin ranar da ya faɗi a daji ko a gefen dutse, sawun nan da ya share shi ne abin da masu ceto za su fara nema. Ƙanena ya cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su, kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, domin yadda aka tsara maɓallin ma ya taimaka wajen cakuɗawar.

Abin da na'urar take yi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta da hantsi, musamman a shekarun baya da ungulu ba ta yi ƙaranci ba, ya ga yadda ita da shirwa ke kewayawa a sama ba tare da kaɗa fiffike ba. Iska mai ɗumi ce ke tasowa daga ƙasar da rana ta gasa, su kuma su shiga cikinta su yi ta zagaye tana ɗaga su. Haka jirgin shawagi yake yi bayan an ja shi sama da igiya, ko dai da wani ƙaramin jirgi mai inji, ko da injin naɗe waya da ke girke a ƙarshen fili.

Haɗarin wasan yana tattare da daɗinsa. Inda iska mai ɗagawa take, nan kowa ke taruwa, har jirage goma su cunkushe cikin zagaye guda, kusan dukkansu farare ne, sirara, kuma ba su da rugugin da zai sanar da zuwansu. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya miƙo kanka kai tsaye, domin ba ya gilmawa ta gefe balle ido ya kama motsinsa, yana tsaye wuri guda a gilashi yana ƙara girma har lokaci ya ƙure.

A 2004 wasu matuƙa uku a ƙasar Suwizalan suka ƙera na'urar FLARM. Ba ta fi tafin hannu ba. Tana karɓar matsayinta daga taurarin ɗan'adam na GPS, ta lissafa inda jirgin zai kai nan da 'yan daƙiƙu, sannan ta watsa lissafin sau ɗaya a kowace daƙiƙa ta rediyo mai ƙaramin ƙarfi, wanda a Turai yake a zangon megahaz 868. Kowace na'ura tana sauraron 'yan'uwanta, kuma idan ta hango hanyoyi biyu za su haɗu sai ta yi ƙara, fitila ta nuna ɓangaren da haɗarin yake, da kuma ko a sama yake ko a ƙasa. Gargaɗin farko kan zo kimanin daƙiƙa 18 kafin karo. Yau dubun-dubatar jirage na ɗauke da ita, a Faransa ma ƙungiyar masu wannan wasa ta wajabta ta.

An ƙera ta ne don jirgi ya ji jirgi, sai dai abin da aka watsa a iska ba ya zaɓen kunnen da zai faɗa. Wajen 2014 masu sha'awar abin suka fara kama saƙon daga ƙasa da kayan da ba su da tsada, wato 'yar kwamfutar Raspberry Pi, da ɗan abin kama tashoshin talabijin da ake soka wa kwamfuta, da eriya a kan rufi, suna tura abin da suka ji zuwa intanet. Haka aka samu Open Glider Network, wadda aka fi sani da OGN, aikin 'yan sa-kai ne, kuma taswirarta ce Hajiya ke kallo daga Jos.

Daga nan ne maganar sirri ta taso, kuma saitin da ake jayayya a kansu ba ɗaya ba ne. Akwai na sanɗa, wanda ke rage bayanan da sauran matuƙa ke gani game da kai, kamar saurin da kake hawa sama, kai ma ya rage maka abin da kake gani game da su, amma gargaɗin karo na nan yana aiki. Akwai na hana bin sawu, wanda ke liƙa wata alama a jikin saƙon da ke gaya wa tashoshin ƙasa su yi watsi da shi, kuma shi ne wanda ƙanena ya kunna. Akwai kuma na sauya lambar rediyon na'urar, ta yadda jirgin yau ba zai yi kama da na jiya ba. Baya ga waɗannan, OGN tana da rajistarta, inda mai jirgi zai iya zaɓar a nuna ɗigonsa ba tare da an bayyana ko wane ne ba. Wannan na ƙarshe nake goyon baya, kuma shi ne su ƙanena suka tsallake.

Fitila, manifas da shela

Mu da ke bin hanyar Jos zuwa Abuja mun riga mun san wannan rarrabewa, ko da ba mu taɓa ba ta suna ba. Direban da ya gangaro Hawan Kibo da dare cikin hazo ba shi da ikon kashe fitilunsa ya ce sirrinsa yake karewa, domin fitilar nan ta wanda ke tahowa ce kamar yadda take tasa. Wannan shi ne matsayin gargaɗin karo, kuma babu mai hankalin da ke jayayya a kansa.

Kafin mota ta bar tasha kuma, ana zagayo da takardar da 'yan tasha ke kira manifas, kowa ya rubuta sunansa da lambar wani ɗan'uwansa. Mafi yawan ranaku takardar nan ba ta da wani amfani, tana ƙarewa a cikin durowa. Amma ranar da mota ta kife tsakanin Akwanga da Keffi, ita ce ke hana mutum ya kwana uku a asibiti ba a san danginsa ba. Wanda ya rubuta sunan ƙarya ko ya bar gurbin lambar fayau bai cuci 'yan tasha da komai ba, iyalinsa ya bari da yawon asibitoci.

Abu na uku shi ne mutum ya hau Facebook ya rubuta cewa ga shi a mota kaza, ya bar Jos ƙarfe kaza, zai isa Mararraba ƙarfe kaza. Wannan shela ce, kuma a zamanin nan wauta ce. Matsalar taswirar da kowa ke iya buɗewa ita ce ta ɗauki manifas ta manna a ƙofar tasha inda duk mai wucewa zai karanta. Matsalar maɓallin hana bin sawu kuma ita ce, don gudun wannan shela, yana yage manifas ɗin baki ɗaya, domin alamar da yake aikawa ba ta bambanta ɗan kallo da mai ceto.

"Wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron a gan shi"

Wannan ce hujjar da wasu abokaina suka kawo da na ba su labarin, suna ganin suna goya mini baya, ni kuwa ban karɓe ta ba. A ƙasar da mutum ke ɓoye ranar tafiyarsa hatta ga maƙwabcinsa, saboda sanin cewa masu garkuwa da mutane ba sa aiki sai da infoma, bai kamata a ji wannan magana daga bakinmu ba. Mun san cewa mai gaskiya ma yana da abin ɓoyewa, kuma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Taswirar da ke nuna cewa jirgin wane ya tashi ƙarfe goma sha ɗaya kuma yana nisan kilomita 200 daga gida tana kuma nuna cewa wane ba ya gida, kuma ba zai dawo ba sai yamma. Idan aka tara irin wannan na wata shida, an san ranakun fitarsa da wuraren da yake zuwa da waɗanda yake tashi tare da su. Macen da wani ke bibiya ba da son ranta ba tana da dalilin jin tsoron wannan, haka ma'aikacin da ba ya so maigidansa ya riƙa ƙirga masa yadda yake kashe hutunsa.

Doka ma ta yarda da haka. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ta lissafa bayanin inda mutum yake cikin abubuwan da ake iya gane shi da su. A nan gida sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da saƙonninsa, kuma a 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya. Manyan jirage ma sun sha wannan rigima, domin na'urarsu ta ADS-B tana watsa matsayinsu a buɗe, shafuka irin su Flightradar24 suna nunawa, har a Disambar 2022 Twitter ta dakatar da shafin wani ɗalibi da ke wallafa zirga-zirgar jirgin Elon Musk. Idan attajiri irin wannan ya ji abin ya dame shi, ban ga dalilin yi wa ƙanena dariya ba. Kukansa na gaskiya ne, maganin da ya zaɓa nake ƙi.

"Raina ne, ni zan ɗauki kasadar"

Da na matsa masa a waya daga baya, abin da ya ce ke nan, kuma magana ce mai daɗin faɗi ga saurayin da bai taɓa tsayawa neman wani ba. Jirgin shawagi ba ya bin layi guda kamar jirgin fasinja. Inda iska ta yi kyau nan matuƙi ke karkata, kuma a yini guda yana iya yin ɗaruruwan kilomitoci. Sauka a gonar wani ma ba abin mamaki ba ne a wannan wasa, idan iska ta yanke sai mutum ya zaɓi fili ya sauka, ya kira abokai su zo da tirela su kwance fukafukan su ɗauke shi. Saboda haka idan yamma ta yi jirgi bai dawo ba, ba a fara ɗaga hankali nan take, ana cewa wataƙila ya sauka wani wuri ne da babu sabis. Awannin da mai rauni ya fi buƙata su ne ke tafiya a wannan zato.

Idan akwai sawu, cikin 'yan mintuna za a ga inda ɗigon ya tsaya, ko aƙalla inda aka ji shi na ƙarshe, sai a taƙaita nema zuwa 'yan kilomitoci. Idan babu, sai a baza jirage masu saukar ungulu da mutane a ƙasa su bincike yanki mai faɗin jiha guda, wataƙila cikin duwatsu, wataƙila da dare. Mutanen nan su ma suna da rai da iyali, kuma ba a shawarce su ba lokacin da ake danna maɓalli. Kamfanin da ke ƙera na'urar da kansa yana gargaɗin cewa saitin hana bin sawu yana kawo cikas ga aikin nema da ceto.

Akwai wata hikima a cikin na'urar da ta burge ni. Kowace FLARM tana ajiye ɗan tarihin jiragen da ta ji a hanya, don haka idan wani ya ɓace ana iya tattara bayanan waɗanda suka tashi a ranar a gano wanda ya ji shi na ƙarshe da kuma inda ya ji shi. Amma wannan dabara ta dogara ne da sanin tabbatacciyar lambar wanda ake nema, kuma mai sauya lamba ya toshe wa kansa wannan ƙofar ma.

Steve Fossett, Ba'amurken da ya kafa tarihin hawa sama da jirgin shawagi a Ajantina a 2006, ya tashi a wani ƙaramin jirgi mai inji a jihar Nevada ranar 3 ga Satumban 2007 bai dawo ba. An yi makonni ana nema da jirage masu yawa ba a same shi ba, sai bayan fiye da shekara guda wani mai yawo a duwatsun Kalifoniya ya tsinci katunan shaidarsa. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a daren 22 ga Oktoban 2005, lokacin da jirgin Bellview da ya taso daga Legas zuwa Abuja ya faɗi a ƙauyen Lisa na jihar Ogun da mutum 117. Rahotannin farko sun karkata hankali zuwa Kishi a jihar Oyo, nesa ƙwarai da inda abin ya faru, kuma sai washegari aka kai ga tarkacen. A wannan hatsari babu wanda ya tsira, don haka saurin ganowa ba zai ceci rai ba, amma duk wanda ya kwana a gaban rediyo a daren yana jiran labarin ɗan'uwansa ya san cewa rashin sanin inda mutum yake azaba ce mai zaman kanta.

"Ba shiga" da aka rubuta da alli

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce wadda su ƙanena ba su ma tsaya sun duba ba. Maɓallin hana bin sawu ba ya rufe bakin na'urar. Ba zai yiwu ya rufe ba, domin idan ta yi shiru sauran jirage ba za su ji ta ba, gargaɗin karo ya mutu ke nan. Saƙon yana ci gaba da fita kowace daƙiƙa kamar kullum, abin da ya ƙaru kawai shi ne 'yar alamar roƙo cewa kada tashar ƙasa ta riƙe shi ko ta tura shi gaba.

A unguwanninmu akan rubuta "ba shiga" a ƙofar zaure, wani lokaci da alli ko gawayi. Rubutun yana aiki, amma a kan mutanen kirki kaɗai, masu sallama su tsaya a waje. Ɓarawo bai taɓa komawa ba don ya karanta shi. Tashoshin OGN su ne mutanen kirki a nan, suna ganin alamar su zubar da saƙon kamar yadda aka roƙe su. Gaskiya ne cewa saƙon a lulluɓe yake fita, amma tun da tashoshin ƙasa na iya warware shi, ba hikima ba ce mutum ya ɗora tsaronsa a kan zaton cewa mai mugun nufi da ya ƙware ba zai iya ba.

Idan aka auna, wanda maɓallin ya makantar tabbas shi ne ƙungiyarka da masu ceto da mahaifiyarka, wanda ya yi niyyar cutar da kai da gaske kuwa an ɗan ƙara masa wahala ne kawai. Na yarda cewa wannan 'yar wahala ba banza ba ce, domin yawancin masu sa ido ragwaye ne, abin da suka samu a fuskar waya kawai suke bi. Amma ɓoye suna a rajista ma yana kore irin waɗannan, ba tare da an yage manifas ba.

Gasa da sauran ƙananan ƙorafe-ƙorafe

Masu gasa suna da nasu kukan, kuma ina jin su. Gwani ya sha wahalar karanta gajimare ya gano inda iska ke ɗagawa, wani kuma ya zauna yana kallon allo ya ga saurin hawansa ya biyo shi, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Don haka aka yi saitin sanɗa, ko da yake kamfanin ba ya ƙarfafa a kunna shi. A gasar duniya ta mata da aka yi a tafkin Keepit na Ostireliya a Janairun 2020, masu shirya gasar sun jinkirta taswirar da jama'a ke gani da minti 15, amma aka gano tawagar masu masaukin baƙi tana samun bayanan kai tsaye ba jinkiri. An rage wa matuƙan tawagar maki, har wadda ke kan gaba a ajinta ta rasa kambun. Na'urorin bin sawu na masu shirya gasar ne abin ya shafa a can, amma ya nuna cewa maganin wannan matsala jinkiri ne da doka da hukunci, kuma babu ɗaya cikinsu da ke buƙatar a ɓace wa masu ceto.

Wasu kuma tsoronsu shi ne kada wani ya gan su sun ɗan kutsa sararin da aka keɓe wa manyan jirage ya kai ƙara. Wannan ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Wanda ya ratsa hanyar jirgi mai ɗauke da fasinja ɗari biyu yana da tambayar da zai amsa, kuma ban ga haƙƙin sirrin da ya rufe wannan ba.

Akwai kuma mai cewa yana ɗauke da na'urar kiran agaji mai aika saƙo a megahaz 406 zuwa taurarin tsarin Cospas-Sarsat, wanda Najeriya ma ke cikinsa ta hannun hukumar NEMA a Abuja. Madalla, kowa ya ɗauka. Sai dai wadda ake ratayawa a jiki sai da hannu ake kunna ta, wanda ya suma kuwa ba ya kunna komai, ta jikin jirgi kuma eriyarta na iya karyewa a faɗuwar. Amfanin sawu shi ne an riga an rubuta shi kafin hatsarin, ba ya jiran wani abu ya yi aiki bayansa.

Inda matsayina yake da rauni

Ɗigo marar suna ba cikakkiyar sutura ba ce, kuma zan yi ƙarya idan na ce haka take. A ƙaramin fili mai jirage huɗu, wanda ya san cewa wane ne kaɗai ke tashi ranar Laraba ba ya buƙatar a rubuta masa suna. Wannan rami ne na gaske, kuma ba matuƙi ne zai cike shi ba, masu ƙera na'ura da masu tafiyar da taswira ne.

Abin da ya kamata su ɗora a gaban kowane matuƙi ƙarara shi ne zaɓi na tsakiya, inda tasha za ta karɓi saƙo ta adana na ɗan lokaci, ba za a nuna shi a taswirar jama'a ba, kuma ba za a buɗe shi ba sai ga ƙungiyar matuƙin da hukumar ceto idan an ba da rahoton ɓata, tare da rubuta wanda ya buɗe da dalilinsa. OGN ta riga ta kama hanya da ƙa'idarta ta hana sake yaɗa bayanan da suka wuce awa 24, domin tarin tarihi ya fi ɗigon yau haɗari ga sirrin mutum. Wanda kuma yake da takamaiman dalili, kamar wadda ake farauta da gaske, ya kunna hana bin sawun, ba zan zarge shi ba, da sharaɗin ya ɗauki na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam wadda ba mai ganinta sai waɗanda ya zaɓa, ya kuma sanar da shugaban fili kafin ya tashi. Abin da nake ƙi shi ne a danna maɓallin don jin daɗin cewa ba mai ganina, ba tare da an ajiye komai a madadinsa ba.

Mai karatu na iya cewa wasan nan na Turawa ne, mu da ke fama da kuɗin mota me ya haɗa mu da shi. Jirgin ne kawai baƙo, tambayar ta daɗe da shigowa gidajenmu. Tana cikin na'urar bin sawu da mai Keke Napep ke liƙa wa kekensa ba tare da ya gaya wa direba ba, tana cikin manhajar kiran mota da ke riƙe tarihin duk inda ka je a Abuja, kuma tana tafe da jirage marasa matuƙa, waɗanda a Amurka da Tarayyar Turai aka riga aka wajabta wa da yawansu watsa lambarsu da matsayinsu. A kowanne ɗaya, wanda ya tsara abin yakan ba ka maɓalli guda, ko kowa ya gan ka ko kada kowa ya gan ka, domin hakan ya fi masa sauƙin ƙerawa.

Ƙanena ya kai maganar gaban abokan haɗin gwiwarsa. Biyu sun yarda a kashe saitin a koma ɓoye suna a rajista, na ukun ya ce shi ba zai tashi a jirgin da wata kwamfuta ke rubuta motsinsa ba, kuma da yake su huɗu ke da jirgin, har yanzu ba su daidaita ba. Abin da na samu ya yi a halin yanzu shi ne ya rubuta lambar rediyon na'urar, mai haruffa da alƙaluma shida, ya bai wa shugaban filinsu ya ajiye, ya kuma yi odar 'yar na'urar tauraron ɗan'adam ta aljihu. Hajiya ta gindaya masa nata sharaɗin, saƙo kafin ya tashi da saƙo da zarar ya sauka, kuma ta ce in cire mata taswirar daga wayarta tunda ba ta da wanda za ta kalla a ciki.